Talata a Jos: batirin sola ya fara buga Morse

Sanyin hunturu ya hana fita, sai na zauna kan 'yar na'urar da za ta riƙa aiko da ƙarfin batirin sola da awon zafi ta rediyo da Morse, wato rubuta haruffa da lambobi da gajeren sauti (ɗigo) da dogon sauti (doguwa). Kayan kaɗan ne: Arduino Nano, 'yar kwamfutar da ke sarrafa aikin, DS18B20 mai auna zafi, sai FS1000A mai watsawa a megahaz 433, eriyarsa guntun waya santimita 17.

Lissafin Morse ba ya cin rai. Ana raba 1200 da yawan kalmomi a minti, a sami tsawon ɗigo a milisakan. Na zaɓi 12, ɗigo ya zama milisakan 100, doguwa 300, tsakanin haruffa 300, tsakanin kalmomi 700. Saƙon kuwa B 126 Z 18, wato batir bolt 12.6, zafi digiri 18. Sifili doguwa biyar ne, ɓata lokaci, na maye gurbinsa da T yadda masu rediyo suka saba.

Da na kunna, Z 85 ya fito, a Jos, da rigar sanyi a jikina! Lambar da DS18B20 ke farkawa da ita ke nan, idan an karanta shi kafin ya gama awo. Yana buƙatar milisakan 750. Da -127 na gani, da sai in duba waya ko resista 4.7k da ke tsakanin ƙafar bayanai da bolt 5.

Batirin ne ya cinye mini yinin. Mita tana nuna 12.6, na'ura tana aiko 12.9, an jima 13.1. Dalili: Nano yana gwada awonsa ne da bolt 5 ɗin da ke ciyar da shi, wanda ba ya tsayawa wuri ɗaya, balle idan mai watsawa ya ja wuta. Na koma kan ma'aunin ciki na bolt 1.1, na sa resista 150k a sama, 10k a ƙasa don rage ƙarfin batirin kafin ya shiga Nano, wato kashi ɗaya cikin goma sha shida, da kafasita 100nF daga A0, ƙafar Nano mai karɓar awon, zuwa wayar negatib. Shi ma 1.1 ɗin ba cif yake ba, dole a daidaita shi da mita sau ɗaya. Sannan na gyara tsarin aikin: a gama awo tukuna, a adana, kana a fara bugawa.

Bayan la'asar na saurara da RTL-SDR, 'yar na'urar kama rediyo da ake haɗawa da kwamfuta, daga ɗaki. Sautin yana ɗan rawa a farkon kowace doguwa, halin FS1000A ke nan, amma ana karantawa sarai. B 126 sau goma a jere, har aka kira magariba.