Da A Ce 'Yan Matan Kuza Ne Suka Tafi Burma

Wata ɗalibata a nan Jos ta tambaye ni, bayan darasi kan Yaƙin Duniya na Biyu, ko akwai mace ko ɗaya a cikin sojojin Nijeriya da suka yi faɗa a Burma. Na ce da ita maza aka ɗiba. Sai ta ce, "To, Malama, da a ce an ɗebi mata fa?" Wannan tambaya ce ta sa na fara rubuta wa matasa ƙagaggen labari irin wanda ake sauya abu guda a tarihi, sannan a bi sawunsa a ga inda zai kai.

Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne in sauya abu ɗaya tak, in bar sauran yadda suka faru. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Turawan mulkin mallaka sun rasa babbar hanyar samun kuza, sai suka tilasta wa dubban mutane aiki a ramukan Filato har zuwa 1944. A daidai wannan lokaci ne aka kai runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma zuwa Burma, kuma Hausa ce yaren bariki a tsakanin sojojin Nijeriya. A dazuzzukan kwarin kogin Kaladan a Burma, inda mota ba ta iya shiga, a ka aka riƙa ɗaukar abinci da harsasai. Mata kuwa sun daɗe suna ɗaukar ƙasar kuza a kwano a Bukuru da Barikin Ladi, saboda haka ƙaryar da na ƙara ƙarama ce: maza sun yi ƙaranci, sai aka ɗauki waɗannan 'yan mata dako, ba tare da an ba su makami ba.

Jarumata 'yar shekara goma sha bakwai ce, kuma na shafe makonni ina fama da babin da aka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna, ta sauke akwatin da ke kanta ta ɗauki bindigar wani kofur da ya faɗi. Ba na son in mai da ita Sarauniya Amina, domin Amina sarauta gare ta da dakaru, ita kuwa wannan yarinya an raba ta da uwarta ne don yaƙin da ba nata ba. Ina son mai karatu ya ji nauyin bindigar a kafaɗarta, da zazzaɓin cizon sauro, da kunyar da ta rufe ta ranar da saje ya fara kiran sunanta a gaban maza.

Wasu abokan aikina sun ce mace a fagen daga abu ne da hankali ba zai ɗauka ba. Amma matan masarautar Dahomey, a Jamhuriyar Benin ta yau, sun gwabza da Faransa a 1890 da 1892, Tarayyar Sobiyet ta sa mata kusan 800,000 a kaki a yaƙin Hitila, kuma tun 2011 makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna ta fara ɗaukar mata a kwas na mayaƙa. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne dawowar jarumar tawa gida a 1946, lokacin da za ta sauka daga jirgin ƙasa a tashar Jos, ta tarar an riga an karɓi sadakinta, kuma babu wanda yake son jin abin da hannunta ya aikata a bakin kogin Kaladan. Wannan babin ne zan karanta wa ɗalibar tawa ranar Litinin.