Na tsare shi a ɗaki, na miƙa masa waya

Ƙannena da kuka fara tara iyali, bari in ba ku labarin abin da na yi wa babban ɗana da hannuna.

A 2020, da korona ta sa aka rufe makarantu, yana aji ɗaya na firamare, muna zaune a Anguwar Rogo, nan Jos. Ga sanyin garin, ga tsoron cuta, ni kuma dama ba na son yaro ya riƙa fita layi. Sai na riƙa miƙa masa wayata ya kalli katun, ni in yi girki da ɗinkina hankali kwance. Tun hantsi har la'asar yana kwance rub da ciki, waya dab da hanci, labule a sake. Har alfahari nake yi wai ɗana ba ya yawo.

Aka koma makaranta, halin bai sake shi ba. Bayan shekara biyu malamarsa ta aiko cewa ba ya kwafar rubutu daga allo, sai dai daga littafin na kusa da shi. Na ce lalaci ne, na zane shi. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ashe allon ne ba ya gani. Alamun kuwa sun daɗe a gabana, yana ƙanƙance ido, yana matsawa jikin talabijin, da yamma ya ce kansa na ciwo.

Likitan ido ne ya fahimtar da ni. Ƙwayar idon yaro girma take yi kamar sauran jikinsa. In kullum abin kusa yake kallo, kuma ba ya samun hasken waje, sai ta yi tsawo fiye da kima, abin nesa ya koma dishi-dishi. Wadda ta riga ta yi tsawo kuwa ba ta komawa. Gado ma yana da hannu, amma ni da babansa ba mai sa tabarau.

Ban tsaya nan ba. Aka rubuta masa tabarau, na yi wata huɗu ina jan ƙafa, don mata a gidan suna sun ce wai yana kashe ido. Ba gaskiya ba ne. Yaro dai ya ƙara zango guda yana zaune a aji kamar baƙo.

Ƙannensa yanzu sai sun yi kamar awa biyu a waje kowace rana, ko a inuwa ce, don hasken tsakar gida ya ninka na ɗaki nesa ba kusa ba. A Taiwan ma abin da makarantu suka ɗauka ke nan tun 2010, minti 120 a waje. In hunturu ya matsa, rigar sanyi da hula nake sa musu, su fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019, ɗan ƙasa da shekara biyu kada a ba shi waya ko talabijin, ɗan biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya. Wajen aikin gida ko tilawar Islamiyya, duk minti 20 sai su ɗaga kai su dubi nesa na daƙiƙa 20. In an ɗauke wuta kuma, babu kallon waya a duhu.

Shi babban, kujerar gaba yake zama yanzu. Duk shekara muna komawa gwaji, kuma sau biyu ke nan ana ƙara masa ƙarfin tabarau.