Abin da na gani da na ƙara wa wayoyin haɗa kwamfutocin shagona gudu

Ina da shagon tace bidiyo a Kano, kwamfutocinmu duk a jone suke da waya zuwa na'ura guda da muke ajiye ayyuka. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kwashe bidiyon biki daga nan zuwa can. Fayil mai gigabait 40 sai ya ci kusan awa guda, ga mai aiki a zaune yana duba agogo.

Duk mai sayar da kayan da na tambaya cewa yake a tuge komai a sa Cat6, wato wani nau'in wayar haɗa kwamfutoci. Kafin in taɓa aljihu na kira wani mai gyara ya zo da na'urar gwaji. "Yallaɓai, wayarka ba ta da laifi," in ji shi. Cat5e ce, nau'in da ya gabaci Cat6, tana ɗaukar gudun gigabit 1 a daƙiƙa har tsawon mita 100. Tsohon akwatin rarraba layi, wato suwic, shi ya ɗaure mu a megabit 100, kashi ɗaya cikin goma na gigabit ke nan.

Muka sa sabo mai gigabit, amma wasu kwamfutocin suka ƙi motsawa. Ya yanke kan wata waya ya ɗaga mini a haske. Silili takwas ne a ciki, mai ruwan ƙasa bai kai bakin ƙarfen ba. Gudun megabit 100 silili huɗu kawai yake buƙata, shi ya sa ba a taɓa lura ba; gigabit kuwa sai duka takwas sun kama. Aka sake matse kawunan, fayil ɗin nan ya koma wucewa cikin kamar minti shida. Wallahi ban taɓa kashe kuɗi kaɗan na ga amfaninsu haka ba.

Layin kyamarorin tsaro kaɗai muka sauya. Da mai gyaran ya kankare sililin da wuƙa sai fari ya bayyana, ashe alminiyum ne aka shafa wa tagulla. Irinta tana saurin karyewa, ba ta kuma dace da layin da ke kai wa kyamara wuta ba. Nan na sayi kwalin Cat6 mai mita 305, tagulla zalla, da tsadarsa, kuma ban yi da-na-sani ba.

Intanet ɗin kuwa ko kaɗan bai ƙaru ba. Ɗora bidiyo a YouTube yana nan yadda yake, domin iyakarsa tana ga kamfanin da muke biya duk wata. Wanda ƙorafinsa ke nan, ya fara da su kafin ya fasa bango.