Zaman Akra ga injiniyan na'urori, da dalilin neman horon EMC

Injiniyan da ya baro Kano ko Kaduna ya sauka Akra zai tarar wutar Gana ba baƙuwa ba ce: bolt 230, haz 50, soket mai baki uku irin na Ingila. Wanda ya zo daga Maraɗi ne zai nemi adafta. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka kwana 90 ba biza, amma ba ta ba ka izinin kama aiki ba. Wannan sai ka bi ta hukumar shige da fice ta Gana. Ka yi katin shaida na baƙi da wuri, don banki da rajistar layin waya duk za su tambaye shi. Aikin injiniya kuma yana ƙarƙashin dokar 2011 da ta kafa majalisar injiniyoyi ta ƙasar, saboda haka takardunka na gida su zo tare da kai. Haya ita ce mai karya baya. Doka ta ce kuɗin wata shida ne iyakar abin da mai gida zai karɓa a gaba, amma da yawa shekara ɗaya ko biyu suke nema. Shi ya sa yawancinmu muke fara sauka a Nima, Maamobi ko Madina, inda za ka ji Hausa a bakin masallaci, ka karya da koko da ƙosai, wani dattijo ya ce "ɗana, zo in haɗa ka da mai ɗaki."

Aikin da ke samuwa a nan galibi inbata ne, cajar sola, na'urar bin sawun mota, da kayan auna wuta. Masu iya haɗa sakit, wato da'irar lantarki, ya yi aiki a kan tebur suna da yawa. Waɗanda na'urarsu za ta yi aiki kusa da janareta, ko a kan layin ECG, kamfanin rarraba wutar Gana, da ke ɗaukewa yana dawowa, ba tare da ta haukace ko ta haukata ta maƙwabci ba, su ne 'yan kaɗan. Wannan fannin shi ne EMC, wato jituwar na'urori: kada taka ta fitar da hayaniyar lantarki fiye da ƙima, kuma ta jure wadda ake watso mata. Duk na'urar da ke da rediyo a ciki, Wi-Fi ne ko GSM, sai hukumar sadarwa ta NCA ta amince da ita kafin a sayar, kuma takan nemi rahoton gwaji. Ina ba duk sabon zuwa shawara ya sa kuɗinsa na farko a wannan horon, ko na kwana uku ne, ko ta intanet.

Amma ka tantance kwas ɗin. Nagari zai fara da tambaya ɗaya: ta ina karan, wato wutar da ke gudana a layi, yake komawa? Karan ba ya tafiya sai ya dawo, kuma in sigina mai yawan haz ce yakan dawo ne ta ƙarƙashin layin da ya ɗauke shi, a kan shimfiɗar tagullar ƙasa ta allon sakit ɗin. Idan ka yanka shimfiɗar nan don ka wuce da wani layi, karan zai zagaya yankan, zagayen ya zama eriya. A nan yawancin allunan hawa biyu suke faɗuwa. Allo mai hawa huɗu, da shimfiɗar ƙasa cikakkiya ba tsaga, ya fi tsada kaɗan, amma ya fi sake zane arha nesa ba kusa ba. Haka kafasita mai nanofarad 100 da ake sa wa kowace ƙafar wuta ta IC, wato cif ɗin da ke kan allo: in ta yi nisa da ƙafar da santimita biyu, tsawon layin ya cinye amfaninta.

Abu na biyu, gudun agogon na'ura, wato siginar da ke ba cif bugun aiki, ba shi ne ma'aunin hayaniya ba, kaifin tashin sigina ne. Sigina mai tashi cikin nanosakan ɗaya tana ɗauke da hayaniya har kusan megahaz 350, ko da agogon megahaz 8 ne kacal. A megahaz 100 tsawon zango mita uku ne, rubu'insa santimita 75. Ke nan wayar batir ko ta USB mai wannan tsawon eriya ce sosai, kuma daidai kan tashoshin FM. Ka shiga shagon gyara a Zongo Lane, inda ake sayen kayan sakit, ka lura: mai shago ya kunna inbata mai arha, rediyon da ke kan kanta ya fara shuu, ya matsar da shi ya ci gaba da ciniki. Maganin ba matsar da rediyo ba ne. Resista mai ohm 10 zuwa 22 a ƙofar MOSFET, taransistan da ke kunna wuta da kashewa, tana rage kaifin, zoben ferait, baƙin zoben nan da ake zura wa kebul, a bakin waya yana tare karan da ke bin wayoyin biyu tare, matatar mashigar wuta kuma ta haɗa cok, wato naɗaɗɗiyar waya mai tare hayaniya, mai naɗi biyu, da kafasita ajin X tsakanin layi da nutural, da ajin Y zuwa wayar ƙasa. Ta Y ba ta wuce 'yan nanofarad, in ba haka ba jikin na'ura zai riƙa jan mutum.

Kwas ɗin da bai sa ka riƙe kayan awo ba, rabi ne. Ma'aunin CISPR 32, ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan hayaniyar na'urori, yana duba hayaniyar da ke bin waya daga kilohaz 150 zuwa megahaz 30, da wadda ke tashi a iska daga megahaz 30 zuwa sama. Ta waya ana auna ta da akwatin LISN, wanda ake sawa tsakanin na'ura da wutar gida, mai ohm 50 da maikrohenri 50. Ta iska kuwa, kafin ka kai ga ɗakin gwaji mai tsada, ka lanƙwasa bakin wayar dish ya zama zobe kamar faɗin kwabo, ka haɗa da ƙaramar analaiza, na'urar da ke nuna ƙarfin hayaniya a kowane haz, ka bi allon a hankali. Ba zai ba ka lambar da za ka rubuta a rahoto ba, amma zai nuna maka inda hayaniyar take fitowa, kuma ko gyaranka ya rage ta.

Ɓangaren juriya shi ya fi shafar mu a nan. Jerin ƙa'idojin gwaji na IEC 61000-4 ya raba shi: kashi na 2 tartsatsin jikin mutum, yawanci kilobolt 4 a taɓawa da 8 a iska, kashi na 5 bugun tsawa, kilobolt 1 tsakanin layuka da 2 zuwa ƙasa, kashi na 11 faɗuwar wuta da yankewarta. Wanda ya san dumsor, wato ɗauke-kawo na wutar Gana, ya san lokacin dawowar wuta ne kaya ke ƙonewa. A sa varista, mai shanye bugun wuta, bayan fis, ba gabansa ba, don in ta tsufa ta haɗe fis ya yanke maimakon ta kama da wuta. Tartsatsi kuma yana ƙaruwa a watannin hunturu, Disamba zuwa Janairu, lokacin da iska ta bushe. Na'urar da ta yi lafiya a damina sai ta fara sake kunna kanta in an taɓa maɓalli. Dayod ɗin TVS, mai shanye tartsatsi, a bakin kowace kafar shiga, dab da soket ɗin, shi ne magani.

Akwai abin da ɗan arewa ba ya zato: iskar teku. Gishiri da laima suna cin mahaɗar murfi da akwatin ƙarfe, da kusoshin wayar ƙasa, a unguwannin gaɓa da Tema, garin tashar jiragen ruwa. Garkuwar ƙarfe mai tare hayaniya da ta ci gwaji yau, bayan damina biyu tsatsa ta raba ta da jiki. A kankare fenti a wurin haɗi, a sa wanshar haƙora, a guji haɗa tagulla da alminiyam kai tsaye. Rigar kebul kuma, wato saƙar ƙarfen da ta lulluɓe shi, a kama ta zagaye da maƙalin ƙarfe a bakin akwati, kada a murɗe ta ta zama wutsiya a ɗaura da kusa, don wutsiyar santimita biyar ta isa ta ɓata aikin garkuwar a sama da megahaz 30.