Armstrong ya biyo ni har aji

Daren Talata.

Tun ban gama shirin fita ba saƙon Kawu ya faɗo zauren danginmu na WhatsApp. Tsohon labarin nan ne dai: wai da Neil Armstrong ya taka wata ya ji wani sauti mai daɗi da bai san ko mene ne ba, sai bayan shekaru ya je Masar ya ji ladan yana kiran sallah, ya ce ai wannan ne abin da na ji, nan take ya musulunta. A ƙasa an rubuta a tura wa mutum goma. Kafin in ɗaura takalmi mutum shida sun amsa da kabbara. Ni dai na yi gum. Kawu ne ya tsaya mana da Baba ya rasu, kuma ba irinsa ake gyara wa zance a gaban yara ba. Na jefa wayar a aljihu na fita.

Ashe labarin bai tsaya a waya ba.

Darasina na yau a kan sauti ne. Na sa yaran suka kifa kunne a kan tebur, na ƙwanƙwasa ɗaya gefen da bayan biro, don su ji da kansu cewa sauti girgiza ce, kuma girgiza sai ta sami abin da za ta bi: katako, ruwa, iska. A iska tana cin kamar mita 340 cikin daƙiƙa ɗaya. Na so in nuna musu gwajin da Robert Boyle ya yi tun wajen 1660, inda ake sa abu mai ƙara cikin tulun gilashi a zuƙe iskar a hankali har ƙarar ta dushe, amma famfon ɗakin gwajinmu ya lalace tun bara. Sai na zana tulun a allo, na zana ƙararrawa a ciki, na ce su yarda da ni. Abin dariya, malamin kimiyya yana neman a yi imani da shi.

Wata yarinya da ke zama kusa da taga, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu.

“Malam, a wata akwai iska?”

Na ce babu. Shi ya sa ’yan sama jannatin suke magana da juna ta rediyo ko da suna tsaye kafaɗa da kafaɗa.

“To Malam, ta yaya Armstrong ya ji kiran sallah?”

Ajin ya yi tsit. Wani yaro daga baya ya yi caraf ya ce, “Ai ikon Allah ne.” Kawuna suka fara gyaɗawa, duk ido ya dawo kaina.

Na ce musu ikon Allah ba abin musu ba ne a wurina. Amma tambayoyi biyu ne aka cakuɗa: ko Allah zai iya jiyar da mutum sauti inda babu iska, da kuma ko hakan ya faru ranar 20 ga Yuli 1969. Ta biyun tambayar labari ce, ana bin sawunta kamar kowane labari. Mutumin ya rayu har 2012, an tambaye shi, ya ce bai faru ba, bai kuma musulunta ba. Yarinyar ta rubuta wani abu a littafinta. Yaron kuwa ya ɓata fuska kamar na ƙwace masa wani abu daga hannu. Da aka tashi ya biyo ni har bakin ƙofa ya ce, “Malam, wai kai bayansu kake bi?” Na ce su wa? Ya sosa ƙeya, ya kasa faɗa. Wannan “su” ɗin ya tsaya min a rai har yamma.

Bayan la’asar na tafi wajen mutumina, don dama mun yi da shi zan zo. Ba zan siffanta shi a nan ba, ko harafin sunansa ba zan rubuta ba. Ɗaki ɗaya muka zauna a jami’a, kuma shi ne mai tashina da asuba idan barci ya danne ni. Yana da wani littafin rubutu mai shuɗin bango da ya cika da abin da muke kira mu’ujizozin kimiyya: an gano kaza, an tabbatar da kaza, wani bature ya musulunta saboda kaza. Da shi yake kayar da mutane a muhawara. Wata rana wani ya ce masa ya kawo asalin ɗaya daga ciki. Ya je nema bai samu ba. Ya koma kan na biyu, ya koma kan na uku. Shekara uku ke nan da ya gaya min, murya ƙasa-ƙasa, cewa shi fa ya daina yarda akwai Allah. Mutum nawa suka sani? Ban jin mun kai huɗu.

Da na ba shi labarin ajin sai ya tuntsire da dariya. Ya ce, “Malam, ka ga abin da nake gaya maka. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yarinyar nan ta kama hanya, sai dai ka yi haƙuri.”

Na ce wace hanya? Ta gano cewa saƙon waya ƙarya ne, ba ta gano cewa babu Mahalicci ba. Tsakanin biyun nan akwai tafiya.

Ya ce haka shi ma ya fara.

A nan muka yi ta yi. Na kawo masa misalin da nake so tun muna ɗalibai. A 1979 mutum uku suka raba lambar Nobel ta fiziks saboda haɗa ƙarfin lantarki da maganaɗisu da wani rarraunan ƙarfi na cikin ƙwayar zarra a lissafi guda: Sheldon Glashow, Steven Weinberg da Abdus Salam na Pakistan. Salam ya karanta ayoyin farkon Suratul Mulk a wajen bikin, waɗanda ke cewa ka mai da dubanka ko za ka ga wata ɓaraka. (Na san ɗan Ahmadiyya ne, na kuma san abin da za a ce a kan haka, ba shi ne zancena ba yau.) Weinberg kuwa har ya mutu bai yarda da Allah ba, bai kuma ɓoye ba. Lissafinsu ɗaya, ko alama ɗaya ba ta bambanta ba. Na ce da lissafin ne ke yanke hukunci, da ɗayansu ya koma wajen ɗayan.

Ya gyara zama ya ce, “To ai ka ba ni makami. Lissafin ya tafi daidai ko da Allah ko babu. Me ya sa zan ƙara abin da aikin bai nema ba?”

Na amsa cewa gaskiya ne, babu gurbin da ake rubuta sunan Allah a cikin lissafi, kuma ni ban taɓa neman Sa a can ba. Abin da ke hana ni barci daban ne: me ya sa akwai wani abu maimakon babu, me ya sa abin yake bin doka, kuma me ya sa dokar ta shiga kan ɗan Adam har ya iya rubuta ta da alli. Ya ce amsarsa ita ce “ban sani ba”, kuma yana ganin ta fi tawa gaskiya, don ni na sa wa rashin sanina suna ne kawai. Maganar ta yi min zafi. Ban nuna ba.

Daga nan muka faɗa zancen farkon halitta. Shi yana son jefa min shekara biliyan 13.8 a fuska, wai sararin nan duk girmansa da tsufansa, ka ce don kai aka yi? Ni kuma na tuna masa Georges Lemaître, fada ne na cocin Katolika a Beljiyam, wanda ya kawo lissafin cewa sararin yana buɗewa a 1927, shekara biyu kafin awon da masanin taurari Edwin Hubble ya fitar, sannan a 1931 ya ce sararin ya faro ne daga wani mafari. Wanda ya fi ƙin ra’ayin kuwa Fred Hoyle ne na Ingila, wanda ba ya yarda da Allah, don mafari yana masa ƙamshin halitta. Sai a 1965 da aka bayyana samun ragowar ɗumin wancan farkon a ko’ina cikin sarari ra’ayin Hoyle na cewa sararin ba shi da mafari ya rushe. Amma abin da ya fi burge ni a labarin ba nasarar fadan ba ce. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna kamar kimiyya ta zo ta tabbatar da halitta, shi kuwa Lemaître bai ji daɗi ba ko kaɗan. An miƙa masa hujja a kan faranti, daga bakin shugabansa, da aikin hannunsa, ya ƙi karɓa. Ya san ra’ayin kimiyya abu ne da ake gyarawa gobe, bai yarda a jingina imani da shi ba.

Na ce wa mutumina, “Kai da Kawuna jirgi ɗaya ya kwaso ku. Shi yana jiran na’urar hangen taurari ta ce akwai, kai kana cewa ta ce babu. Ita kuwa haske kawai take tattarawa.”

Ya ce kada in haɗa shi da masu tura wa mutum goma. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ai ni ma na san ba taurari ne suka fi damunsa ba. Ya tuna min watannin da ya yi yana kwana a asibiti da ɗan ’yar’uwarsa, yaro ɗan shekara huɗu, da addu’ar da ya yi har muryarsa ta dishe. Ya ce, “Faɗa min hikimar.” Ina da amsoshin da aka koya min, na jarrabawa da na lahira, kuma na yarda da su. Amma na dubi fuskarsa na ga in na furta su yanzu kamar na karanta masa takarda ne. Na ce ban san hikimar ba. Ya ce, “To ka ga kai ma ka iya faɗin ban sani ba.”

Magariba ta yi muna zaune. Na miƙe, kafin in buɗe baki ya shiga ciki ya ɗebo min ruwa, ya shimfiɗa darduma ya daidaita ta da ƙafarsa, ya ɗan karkata ta dama kaɗan, don har yanzu ya fi ni sanin alƙiblar ɗakin. Ya koma waje ya jira ni. Na yi masa addu’a a sujada kamar kullum. Ya san ina yi, bai taɓa cewa in daina ba.

A hanyar dawowa ne wani abu ya faɗo min, wanda na sani tun ina yaro amma ban taɓa kallonsa ta wannan fuskar ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, rana ta yi kusufi. Mutane suka ce saboda mutuwar yaron ne. Ka duba fa: uba ne da ke cikin jimami, ga sama ta yi duhu, ga jama’a da kansu sun ɗauki abin a matsayin shaida gare shi. Shiru kawai zai yi, labarin ya bazu. Sai ya tashi ya ce rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Hujja ce ta zo har gida, amma da yake ba gaskiya ba ce, ya mayar da ita. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi ma ya taɓo wannan. Duk da irin sukar da ya yi wa masana falsafa, ya ce wanda ya ƙaryata lissafin kusufi da sunan kare addini ya cuci addinin, don mai ilimin lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. Kamar mutumina yake gani, da littafinsa mai shuɗin bango.

Ba na cewa labarin Armstrong ne ya fitar da shi. Yau na ji da kunnena cewa ciwon ya fi haka zurfi. Amma ni shaida ne cewa ta nan ruwa ya fara shiga. Kuma a zauren nan namu akwai ’ya’yan yayyena da ƙannena, wasu sa’o’in yarinyar nan ta bakin taga, duk suna karantawa, kuma wata rana wani malami zai gaya musu babu iska a wata.

Na zauna rubuta wa Kawu saƙo shi kaɗai, ba a zaure ba. Na goge sau huɗu. Na farko ya yi kama da darasi, na biyu ya yi kama da ban haƙuri. A ƙarshe na rubuta: “Kawu, barka da dare, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Labarin da ka turo da safe na bincika, mutumin da kansa ya ce bai faru ba. Na ji tsoron kada yara su gano daga baya su zaci sauran abin da muke gaya musu ma haka yake. In na yi rashin kunya a yafe min.” Na ƙara masa hadisin kusufin a ƙasa.

Na tura ƙarfe goma da kwata. Alamar ta koma shuɗiya nan da nan. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Yanzu sha ɗaya ta wuce, babu abin da ya shigo. Gobe ajin nan nake da shi da farko, kuma ban gama duba aikin gidansu ba.