Mun ɗauki riƙon yaro, ita kuma Madam ta riƙe mu

Tun da mutanen unguwa suka ga yaro a gidanmu tambayar ɗaya ce, wai ɗan wa ne, daga ina, kuma gwamnati na biyanku ne? Na gaji da amsawa ɗaiɗai a bakin famfo shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ko Allah zai sa wata mai niyya ta karanta.

Mu nan Maradi riƙo ba baƙon abu ba ne. Ni kaina a hannun gwaggona na tashi, kuma kusan kowane gida daga unguwar Zariya har Bagalam za ka iske ɗan riƙo ko 'yar riƙo. Amma wancan riƙon dangi ne, ka san uwar yaro ka san ubanshi, in ya yi rashin ji ka aika a faɗa musu. Wanga daban ne. Tun 2019 da 'yan bindiga suka matsa ma mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina, dubban mutane suka tsallako iyaka suka zauna wajen Gidan Runji, daga baya HCR, wato hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, ta mayar da wasu garuruwa irin su Garin Kaka da Dan Daji Makau da Cadakori, to a cikin wannan gudun akwai yaran da suka rabu da iyayensu, wasu kuma namu ne na nan gida da aka tsinta a tasha ko a kasuwa ba mai su. Yaron da muke riƙo yana da kamar shekara 6 lokacin da aka kawo shi, ba mu da tabbas don ba takarda.

Ni da na ɗauka in dai kana da zuciya da hatsi a rumbu shi kenan. Wallahi ba haka ba ne.

Kafin ma a ba mu shi sai da wata ma'aikaciyar kare yara ta zo gida sau biyu, mu dai Madam muke ce mata. Ta zauna kan tabarma ta sha hura, ta duba inda zai kwana, ta leƙa makewayi, ta tambayi maigida aikinshi, ta ja 'ya'yana gefe ta tambaye su ko sun yarda a ƙaro musu ƙane. Sai da raina ya ɗan sosu, na ce Madam bincikenmu ake yi ne? Ta ce "Hajiya yaron nan ba shi da wanda zai tambaya mashi, ni ce bakinshi." Daga nan ban sake jin haushi ba. Ita ta bayyana mana cewa akwai alƙalin yara, shi ke da ikon cewa a ajiye yaro a gida kaza, kuma riƙon na wucin gadi ne har a samu danginshi, ba mallaka ba ce. Wannan ya zo daidai da abin da malam ya karantar da mu a Suratul Ahzabi cewa a kira yara da sunan ubanninsu, don haka ba mu taɓa laƙaba mashi sunan maigida ba.

Satin farko ne ya fi wuya. Ba ya magana, sai ido. Kullum da safe tabarma a jiƙe. In kabu-kabu ya wuce ƙofar gida da ƙara sai ya ruga bayan randa ya duƙe ya toshe kunne, jikinshi na rawa kamar mazari. Ranar nan ina shara na ɗaga filonshi sai na iske ƙosai guda uku sun bushe, da ɓallin tuwon jiya naɗe a leda har ya fara tsami, tururuwa sun yi layi. Ƙanwar maigida ta ce sata ce, in ba a tsawata yanzu ba ya zama hali, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni kuma hannuna ya ƙi ɗaguwa, sai na kira Madam a waya ina kuka na ce ban iya ba ku zo ku ɗauki abinku.

Da la'asar ta iso. Ba ta yi mani faɗa ba. Ta ce yaron da ya taɓa kwana da yunwa a daji bai yarda gobe akwai abinci ba, ɓoyon nan tsoro ne. Ta ce in samu kwano mai murfi in ce mashi naka ne, in riƙa zuba wani abu ciki kullum in ajiye inda yake gani, kar kowa ya taɓa. Maganar babur kuma ta ce ku tuna a kan babura maharan ke shiga gari, kar ku yi mashi dariya kar ku ja shi da ƙarfi, ki zauna kusa da shi kawai har ƙarar ta wuce. Fitsarin kwance ta ce kar a ambata gaban yara. Na yi yadda ta ce. Kwano mai ruwan shuɗi ne, har yau yana nan bisa kantar ɗaki. Bayan wajen wata biyu na duba ƙarƙashin filo ba komai.

Irin wannan taimakon ne mutane ba su sani ba, kowa kuɗi yake tambaya. E an kawo mana tabarma da sabulu da 'yan kaya da gidan sauro da farko, amma abin da ya fi su shi ne mutum da za ka kira ya ɗauka. Ita ta raka mu likita aka buɗe mashi karne, ta kuma gaya mana gaskiya cewa maganin kyauta da aka fara tun 2006 na 'yan ƙasa da shekara 5 ne, shi ya wuce, mu shirya aljihu. Ita ta yi magana da diraktan lakwal aka karɓe shi ana jiran takarda, in da mu kaɗai ne da mun yi ta yawo daga ofis zuwa ofis. Sau ɗaya kuma aka tara mu masu riƙo, muka zauna muka faɗi damuwarmu, nan na ji wata tsohuwa tana ba da labarin tata yarinyar da ke ɓoye biredi cikin zane, na ji kamar an sauke mani dutse daga ka.

Abin da ke damuna shi ne ita ɗaya ce ga gidaje da yawa, wasu ma a ƙauye. Ziyarar da aka ce duk wata wani lokaci sai a yi wata uku, ta ce ba esansi, sau da yawa da kuɗinta take sa kiredi ta kira mu. Muna yawan faɗin hadisin da Annabi (SAW) ya haɗa yatsu biyu ya ce shi da mai riƙon maraya kamar haka suke a Aljanna, to ni ina ganin masu hali da ke neman ladan nan su tuna da masu zirga-zirgar nan ma, don in ba su mutum na iya cutar da yaro da hannunshi yana ganin tarbiyya yake yi. Saura kaɗan in zama haka.

Satin da ya wuce Madam ta kira ta ce masu neman dangi sun samu wata mata da ake zaton ƙanwar uwarshi ce, za a tabbatar tukuna kafin a haɗa su a waya. Na ce Alhamdulillahi da bakina, na shiga ɗaka na daɗe ban fito ba. Ta sake kira da dare ta ce Hajiya kar ki faɗa mashi tukun, ranar Alhamis zan zo mu zauna mu faɗa mashi tare. Shi kuwa yana tsakar gida yana koya ma autana yadda ake ɗana tarkon tsuntsu da zare.