"Ai dai an gane": abin da gyaran littattafan onlayin ya koya min

"Ai dai an gane." Amsar da za ka samu ke nan a wajen yawancin marubutanmu na onlayin in ka yi musu maganar ƙa'idar rubutu, wasu ma har su ƙara maka da cewa mu fa ba jarrabawa muke rubutawa ba, labari muke bayarwa, mai son ƙa'ida ya tafi Jami'ar Bayero. Kuma ba za ka ce ƙarya suke yi gaba ɗaya ba, don littafin da ba harafi mai ƙugiya irin ɓ da ɗ da ƙ ko ɗaya a cikinsa, ba waƙafi ba aya, shi ne za ka ga mata na rububin tura kuɗi ta akawun a saka su a gurup ɗin WhatsApp, in marubuciyar ta yi kwana ɗaya ba ta saki feji ba a yi ta binta da "Anti lafiya kuwa, mun ji ki shiru".

Ni sana'ata biyu ce a nan Kano, ina karanta irin waɗannan littattafan da murya ana ɗorawa a YouTube, sannan ina yi wa wasu marubutan gyara kafin su fitar. Karatun muryar shi ya fi buɗe min ido a kan maganar nan, saboda mai karantawa a zuci in ya yi tuntuɓe ba wanda ya sani, zai ɗan koma baya ya gyara abinsa ya wuce, shi kansa ma ba lallai ya lura ba. Ni kuwa in na yi tuntuɓe sai na tsayar da rikodin na goge na sake, don haka duk inda rubutu ya cuci mai karatu a makogwarona nake jin sa.

Abin da na fahimta shi ne kurakuran nan ba nauyinsu ɗaya ba. Mutane sun fi yin faɗa a kan ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, alhali ita ce mafi sauƙi. Bahaushe in ya ga "ta shiga daki ta zauna a kasa" ba zai taɓa ruɗewa ba, bakinsa ma da kansa zai furta ɗaki da ƙasa. Masu sa q a madadin ƙ, ko su rubuta d'aki da k'ofa, su ma ba sa hana ni karatu, ni dai x ɗin nan ta "xan xo" ce har gobe ban ga amfaninta ba tunda z tana nan kusa da ita a kan kibod, ba wani lokaci aka rage ba. Inda ake yin ɓarna ta gaske shi ne wajen raba kalmomi da haɗe su.

Akwai wata jimla da ta zo min a wani labari na rikicin gado, marubuciyar ta rubuta "Hajiya bata bata kudin ba". To wanne ke nan? Ba ta ba ta kuɗin ba, wato ta hana yarinyar haƙƙinta, ko kuwa ba ta ɓata kuɗin ba, wato ta riƙe amana ta adana mata? Guda ya mai da Hajiya azzaluma, guda ya mai da ita mutuniyar kirki, kuma a daidai wurin labarin bai riga ya nuna ko wace iri ce ba, duka biyun za su iya zama. Sai da na kira marubuciyar a waya na ce Anti don Allah Hajiyar nan ta ba da kuɗin ne ko ta ajiye, ta yi dariya ta ce ai hana ta ta yi, ba ga shi nan a rubuce ba. A kanta yake a rubuce, ita ta san me take nufi shi ya sa idonta ba ya ganin matsalar. Haka "kishiyatace", in ka raba ta wata hanya kishiya ta ce wani abu, in ka raba ta wata hanyar kuma mai magana na nuna wata tana cewa kishiyata ce. "Amarya tafi uwargida" kuwa sai ka ɗauka korar wata ake yi. Jaridar nan ma da aka fara bugawa a Zariya a 1939 sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, da an haɗe mata "ta" da "fi" ai da an aiki gaskiya wani gari mai suna Kwabo.

Wani abu da ban taɓa jin marubutan suna lissafi da shi ba, rubutun Hausar boko tun asali ba ya nuna karin sauti kuma ba ya nuna tsawon wasali. Gari na mutane da garin tuwo rubutunsu ɗaya, wuyan riga da wuyar rayuwa duk "wuya" ne. Ke nan ko wanda ya bi ƙa'ida tsaf ya riga ya bar wa mai karatu aikin cankar rabin furucin daga ma'anar jimla. In ka zo ka cire ƙugiya ka ƙara masa aiki, ka haɗe kalmomi ka ƙara, ka cire aya da alamar zance ya rasa wa ke magana tsakanin Abba da direbansa ka ƙara. Kowanne shi kaɗai ana iya jure masa, taruwarsu ce ke gajiyar da mutum. Kamar shinkafa ce mai tsakuwa, mai yunwa zai ci, amma a ɗarare yake tauna, daɗin miyar ma ba ya jin sa sosai. Kuma masu karatun nan ba a tebur suke ba, wata a cikin adaidaita take daga Kabuga zuwa Bata ana ta jijjiga, wata ta goya yaro tana jiran tukunya ta tafasa, wata ƙarfe ɗayan dare ne ta rage hasken waya kar maigida ya farka. In ta gaji ba za ta ce rubutun ne ba, cewa za ta yi labarin ya fara gundurarta, marubuciya kuma ta zauna tana mamakin me ya sa sharhi ya ragu.

Ƙa'idar nan kuma ba wasu malamai ne suka zauna jiya suka ƙago don su takura wa mutane ba. Tun 1912 Baturen nan Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, gidansa na nan a Nasarawa har yanzu, ya fitar da dokokin rubuta Hausa da boko. A shekarun 1930 lokacin wani Baturen, Rupert East, a Hukumar Talifi ta Zariya haruffa masu ƙugiya suka samu gindin zama, a 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa, aka yi taro a Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a 1980 don a daidaita rubutun Najeriya da na Nijar. Duk wahalar nan an sha ta ne don Bakano da Basakkwace da mutumin Damagaram su kalli shafi ɗaya su karanta abu ɗaya. Yanzu ma da labari ke fita daga waya a Gwammaja ya isa Agadas ko zangon Kumasi cikin minti ɗaya ai buƙatar ta fi ta da. Wanda Hausa ba harshen gidansu ba ce, a kasuwa ya koya, shi in ya ga "baki" ba lallai ya canki baƙi ake nufi ba.

Amma fa ina da faɗa da 'yan uwana masu gyara su ma. Akwai masu shiga ƙarƙashin rubutun yarinya 'yar shekara goma sha takwas da ta fara labarinta na farko su yi mata kaca-kaca a gaban jama'a wai tana kashe Hausa, alhali ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata "ya ce" kalma biyu ce "yana" kuma ɗaya. Da yawansu makarantar kuɗi suka yi inda in ka yi Hausa a aji ma tara ake cin ka, da babban yatsa suke taifin feji guda a waya mai fasasshen gilashi ga ba wuta ga masu karatu na azalzala. Ba sabon abu ba ne ma, littattafan soyayya da aka riƙa bugawa a Kano a shekarun 1980 da 1990 irin sukar da suka sha ke nan, kuma su ne suka koya wa mata da yawa karatun Hausa a ɗakunansu. Sannan akwai mai gyaran da bai san bambancin kuskure da karin harshe ba, marubuciya ta sa tsohuwa Basakkwata tana magana da Sakkwatancinta, shi kuma ya bi ya mai da ita Bakanuwa tas, ya kashe tsohuwar yana ganin ya yi aiki. Maganar da ke bakin taurari ni ba na taɓa ta, in ɗan daba ne ya yi maganar 'yan daba, abin da nake dubawa kawai a rubuta ta yadda za a karanta ta daidai da yadda ya faɗe ta.

Rubutu mai tsafta kuma ba ya ceton labarin da ba shi da rai, wannan na gani da idona. An kawo min wanda ba abin da zan gyara a ciki ko waƙafi ɗaya, ina karantawa ina hamma.

Inda marubutan ke fara saurarena shi ne in maganar ta zo kan kuɗi da suna. Wadda ta rubuta sunan littafinta da "xuciya" yau, gobe "zuciya", jibi "zucia", mai nema a Wattpad, manhajar karanta labarai, ko Facebook zai buga guda ya rasa sauran. Wadda ke son shiga gasar gajerun labarai ta Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 dole ta bi ƙa'ida, nan ba "an gane". Mai son a buga mata a takarda kuwa sai ta biya wani ya bi shafi ɗari uku yana raba mata "tace" da "yace", kuɗin da da ta saba tun farko ya zauna a jakarta.

Shi ya sa yanzu in sabuwar marubuciya ta zo min ba na fara mata da ƙugiya. Cewa nake ƙanwata kafin ki tura feji ki karanta shi a fili kamar wata ce ta rubuta, duk inda kika tsaya kika koma baya to nan ne. Mu raba "ba ta" da "ta fi" da "ta ce", kowane mai magana a ba shi layinsa. Ƙugiya daga baya, tunda kibod ɗin waya na Gboard na da Hausa a cikin harsunansa, sakawa ne kawai. Wata ta ce min ita ta gwada, amma da ta mai da littafin PDF sai duk ƙ ɗin suka koma 'yan akwatuna a wayoyin wasu, masu karatu suka yi ta ƙorafi, ta koma k' ɗinta. Na ce ta canza font ɗin, wato salon haruffan, ta ce ba ta da lokaci, littafin na kan ganiyarsa an kusa ɗaura aure a labarin. Na bar ta da k' ɗin, muka ci gaba da raba kalmomi.